Kada Ku Yarda Da “Ba Komai”

'Ya'yana ɗalibai, da ku nake yau, musamman ku da ke makarantun kwana na Katolika, inda ƙararrawar asuba ke tashe ku zuwa coci, ta dare kuma ta kora ku gado. Zaman da kuke yi na yi shi. Na kwana a gadon ƙarfe mai hawa biyu, na jiƙa garin kwaki da ƙuli-ƙuli ranar da abincin makaranta bai isa ba, na tsaya a bakin ƙofa ranar ziyara ina leƙen hanya har rana ta faɗi. Daga baya kuma na dawo irin wannan makaranta da alli a hannu, na koyar shekaru masu yawa. Abin da zan gaya muku a ɗakin kwana da cikin aji na koye shi, kuma da tsada na koya.

Akwai wani yaro da na koyar a aji huɗu. Yana cikin masu taimaka wa Fada a bagade lokacin Mas, ga ƙoƙari a lissafi, ga fara'a. Da aka dawo hutun Kirsimeti sai ya dawo wani mutum dabam. Yana gyangyaɗi a aji, kwanonsa na komawa da abinci, littafinsa babu aikin gida. Wata rana na tsayar da shi a baranda na ce, “Kai, lafiya kuwa?” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Lafiya lau, Malam. Ba komai.” Na karɓi amsar na wuce, domin ita ce amsar da ta fi mini sauƙi. Da zangon ya zo ƙarshe na rubuta a katin sakamakonsa cewa ya zama malalaci. Har yau rubutun nan yana ci mini rai.

A zango na gaba, wani dare bayan an kashe fitila, aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Yaron da ke kwana a gadon sama da nasa ne, ƙarami da shi, jikinsa na rawa don ya san ya karya doka da fitowar da ya yi. Ya ce, “Malam, wane ba ya barci. Kullum dare ina jin kukansa. Yau ya ba ni takalminsa da rosarinsa, ya ce ba zai ƙara bukatarsu ba.” A daren muka zauna da yaron mai kukan har asuba, ni da malamin da ke kula da ɗakinsu. Sai a lokacin na ji cewa a wancan hutun an kai hari ƙauyensu, mahaifinsa ya rasu a gaban idonsa, mahaifiyarsa kuma ta sayar da sauran awakinta don ta biya masa kuɗin makaranta. Yana ganin kowace loma da ya kai baki daga bakin ƙannensa ya ƙwace ta. An kai shi wurin likita, ya sha magani na wasu watanni, ya riƙa zama da mai ba shi shawara, ya warke. Yau magidanci ne da 'ya'yansa. Ni da na yi karatun koyarwa ban gano shi ba. Yaro ɗan shekara 14 da ke kwana a samansa shi ya gano shi.

Mu tsaya kan kalmar nan, “ba komai”. An rene mu da ita. Tun muna ƙanana ake ce mana namiji ba ya kuka, 'ya mace da haƙuri aka san ta, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ban raina wannan tarbiyya ba. Kunya da haƙuri da riƙe sirri su ne suka riƙe gidajenmu da yawa da sun watse. Amma an yi haƙuri ne don abin da ba shi da magani, kamar mutuwa da fari. Wanda maciji ya sara ba a ce masa ya yi haƙuri ya kwanta. Abin da nake so ku gane shi ne akwai ciwon da ke kama zuciya da tunani kamar yadda zazzaɓin cizon sauro ke kama jini, yana da alamu, yana da suna, yana da magani, kuma ɓoye shi ƙara masa ƙarfi yake yi.

Na san abin da ke tsorata ku. Da an ambaci lafiyar ƙwaƙwalwa sai hankalinku ya tafi ga mutumin nan da ke yawo bakin kasuwa da tsummoki, yara na binsa. Ba wanda yake son a haɗa shi da shi. Amma mafi yawan masu wannan ciwo suna sanye da fararen riguna a goge, suna amsa suna a aji, suna rera waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli kan soma ne kafin a wuce shekara 14. Ku lissafa da ajinku. In ku 42 ne, mutum shida ke nan. Hukumar ta kuma ce kisan kai na cikin manyan dalilai uku da ke kashe matasa 'yan shekara 15 zuwa 29 a duniya. Ba don in firgita ku na kawo wannan ba. Na kawo ne don wanda yake jin shi kaɗai ne a duniya ya san ba shi kaɗai ba ne, ko a cikin ɗakinsu.

Ba kowane ɓacin rai ne ciwo ba. Ɗan aji ɗaya da ke kukan kewar gida a makon farko lafiyarsa ƙalau, zai saba. Wanda ya faɗi jarrabawa ya yini ba ya magana, gobe zai ware. Inda za ku sa ido shi ne idan abin ya zauna, ya wuce mako biyu ba sassauci. Mutum ya daina jin daɗin abin da a da yake so, ƙwallo ko waƙa ko hira. Barci ya ƙaurace masa, ko kuma ya zama ba ya iya tashi. Abinci ya fita ransa. Ya karanta shafi ɗaya sau biyar bai riƙe komai ba. Ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, ko ya zama kaya a wuyan iyayensa. Wannan shi likitoci ke kira ciwon damuwa. Akwai kuma na fargaba, wanda gaba ke faɗuwa ba dalili, zuciya na bugawa, numfashi na sarƙewa, mutum ya ɗauka mutuwa ce ta zo. A wurinmu sau da yawa ciwon ba ya fitowa da sunansa, ta jiki yake ɓullowa: ciwon kai da ba ya jin magani, zafi a tsakiyar kai, ciwon ciki duk ranar gwaji. Yarinya za ta je wurin nas sau goma a zango ɗaya, a yi ta ba ta maganin zazzaɓi, a ƙarshe a ce ƙarya take yi don gudun aiki. Ba ƙarya take ba. Jikinta ne ke faɗin abin da bakinta ya kasa.

Yanzu ga inda na fi son mu daɗe, domin a nan ne 'ya'yan makarantun addini suka fi shan wahala. Yaro zai yi ƙarfin hali ya faɗi abin da ke damunsa, sai a ce masa, “Ka ƙara addu'a. Mai bangaskiya ba ya baƙin ciki.” Sai ya koma da kaya biyu, ga ciwon, ga kuma zargin kai cewa shi mai raunin imani ne, Allah ya juya masa baya. Na ga yara na azumi suna tsayuwar dare a gaban bagade, jikinsu na ƙara lalacewa, suna neman gafarar laifin da ba su yi ba.

Ku buɗe Littafi Mai Tsarki, Littafin Sarakuna na Ɗaya, sura 19. Annabi Iliya ne, mutumin da bai daɗe da ganin ikon Allah da idonsa a Dutsen Karmel ba, ya gudu cikin jeji, ya zauna ƙarƙashin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa don ya gaji. Ku duba abin da aka yi masa. Ba a tsawata masa ba, ba a ce imaninsa ya yi rauni ba. An bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya sake barci, aka sake ciyar da shi. Sai da jikinsa ya dawo sannan aka yi magana da shi, kuma kafin surar ta ƙare an haɗa shi da Elisha, abokin tafiya. Barci, abinci, sauraro, da aboki. Ku tuna kuma da daren Getsamani. Yesu da kansa ya gaya wa Bitrus da Yakubu da Yohanna irin nauyin baƙin cikin da ke ransa, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. Bai ce musu ba komai ba. In shi ya buɗe baki ya nemi a zauna da shi, wane ne kai da za ka ji kunyar yin haka?

Marigayi Paparoma Francis, a wata doguwar hira da aka wallafa a 2017, ya bayyana cewa lokacin da yake ɗan shekara 42 a ƙasarsa Ajantina, ya yi wata shida yana zuwa wurin wata ƙwararriyar likitar tunani, Bayahudiya, sau ɗaya a mako, kuma ya ce ta taimake shi ƙwarai. A lokacin nan Fada ne cikakke, yana Mas kullum, yana addu'a fiye da ni da ku. Bai ga zuwa wurin likita ya rage masa komai ba. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Wanda ya karye a filin ƙwallo muna yi masa addu'a, muna kuma kai shi a ɗaure ƙashin, ba wanda ya taɓa cewa ɗaurin rashin bangaskiya ne. Ku kuma 'ya'yana Musulmi, da kuke da yawa a makarantun nan tun zamanin da, malamanku na Islamiyya sun koya muku cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma neman magani umarni ne. A wannan magana ba mu da saɓani.

Sai batun iskoki. Yarinya ta faɗi a ɗakin kwana tana ihu, nan da nan a ce aljanu ne ko an yi mata jifa daga gida, a taru a kanta ana ihun addu'a, wasu biyar su faɗi a bayanta. Ku sani Cocin Katolika ta fi kowa taka-tsantsan a nan. A dokarta, ba Fadan da ke da izinin yin babbar addu'ar korar aljanu sai Bishop ya ba shi izini na musamman, kuma ƙa'idar da aka sabunta a 1999 ta ce a tabbatar tukuna ba ciwo ba ne, a nemi shawarar likitoci inda ya kamata. To, in Fada mai shekaru yana karatu ba ya yanke hukunci da ka, bai dace 'yan aji biyar su yanke ba. Ku janye taron, ku bar mata iska, ku kira matiron da nas. In farfaɗiya ce, ku kwantar da ita ta gefe, ku kawar da abin da zai ji mata rauni, kada ku cusa mata cokali ko wani abu a baki, kuma ku sani yawun mai farfaɗiya ba ya sa wa kowa cutar. Abin da ya fi faɗuwar zafi shi ne gudun ta da ake yi washegari.

Ga wani abu da yara da yawa ba su sani ba. Abin da ka gaya wa Fada a wurin furta zunubi a rufe yake har abada. Ba zai iya gaya wa shugaban makaranta ba, ko iyayenka, ko likita, ko da rai zai fita. Wannan kariya ce babba, amma tana nufin ba zai iya ɗaukar wani mataki a kan abin da ya ji a can ba. Don haka in abin da ke damunka damuwa ce, ko wani na cutar da kai, ko tunanin mutuwa na zuwar maka, ka ce masa, “Fada, ina son magana da ku a waje.” A waje ne hannunsa ke sake. Baƙin ciki ba zunubi ba ne da za a yafe maka, ciwo ne da za a yi maka jinya. Ko waɗanda ciwon ya rinjaya suka hallaka kansu, koyarwar Coci da aka tattara a 1992 ta ce matsananciyar damuwa na iya rage alhakin da ke kansu, ta kuma ce kada a fid da rai ga rahamar Allah a gare su, ana yi musu addu'a. Saboda haka kada in ji ɗayanku yana zagin irin wannan mamaci ko yana guje wa ƙaninsa.

Zamaninku ya ɗora muku wani kaya da mu ba mu ɗauka ba. Mu tsoronmu bulalar siniya ce. Ku kuwa kuna kwana da kunne ɗaya a buɗe. A Janairun 2020 'yan bindiga sun shiga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd da ke kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, suka ɗauki ɗalibai huɗu, suka kashe ɗaya, Michael Nnadi, ɗan shekara 18. Ranar 21 ga Nuwamba, 2025, cikin dare, aka shiga makarantar St. Mary da ke Papiri a ƙaramar hukumar Agwara ta Jihar Neja, aka kwashe yara fiye da 200 da malamansu, ciki har da 'yan firamare. Kafin Kirsimeti aka sanar da kuɓutar sauran da ke hannu, muka yi godiya ga Allah. Amma dawowar jiki gida ba ita ce dawowar hankali ba. Wanda ya ga tashin hankali, jikinsa kan ci gaba da zama cikin shirin gudu ko bayan hatsarin ya wuce. Ƙarar babur cikin dare ta sa shi zabura. Mafarki ɗaya ya riƙa maimaita kansa. Babban yaro ya koma fitsarin kwance. Mai sanyin hali ya zama mai saurin faɗa. Ko wanda bai je ko'ina ba, labarin kawai ya ji, yana iya kasa barci. In aka kawo muku sabon ɗalibi daga yankin da rikici ya ci, kada ku tsare shi da tambayar “ba mu labari”. In ya ga dama zai faɗa. In ya jiƙa katifa, ku taya shi fitar da ita tun kafin gari ya waye, kada wani ya sani. Wannan aikin ya fi sadakar kuɗi.

Ku kuma siniyoyi da firifet, maganata da ku gajeriya ce amma ba wasa a ciki. Abin da kuke kira horo, sa ƙaramin yaro tsallen kwaɗo har ya faɗi, ƙwace masa madara da suga, laƙaba masa suna saboda ƙabilarsa ko in'inarsa ko talaucin gidansu, wannan zalunci ne. “Mu ma haka aka yi mana” ba hujja ba ce, shaida ce cewa kun san zafinsa. Waliyyi Yohanna Bosko, wanda ake kira Don Bosko, ya rayu daga 1815 zuwa 1888, ya tara yaran titi a birnin Turin na Italiya, yaran da kowa ya ce sai sanda. Ya gina tarbiyyarsu a kan abu uku: hankali, addini, da tausayi. Ya ƙi duka. A wata wasiƙa da ya aika daga Roma a 1884, kukan da ya yi da malamansa shi ne sun daina shiga filin wasa tare da yara, sun koma tsayawa nesa suna sa ido, kuma ya nuna musu cewa ƙaunar da yaro bai gani ba ba ta yi masa amfani. Ɗan aji ɗaya ya fi ganin firifet ɗin ɗakinsu fiye da yadda yake ganin shugaban makaranta. A wurinsa kai ne makarantar.

In kuwa babba ne yake taɓa ka ko taɓa ki ta hanyar da ba ta dace ba, ko malami ne, ko ma'aikaci, ko mai sanye da rigar addini, laifin nasa ne ɗungurungum, ba naka ba, ba naki ba. Duk barazanar da ya yi, a faɗa. Tun 2019 Paparoma Francis ya wajabta wa kowace dayosis ta samar da hanyar kai irin wannan ƙara, ya kuma wajabta wa limamai da Sistoci su kai rahoto in sun sani. Faɗa ba tona asirin Coci ba ne.

Game da jarrabawa, na san nauyin da ke kanku. Kuɗin makarantun nan ba kaɗan ba ne, kuma da yawanku kun san abin da aka sayar aka biya. WAEC da NECO da JAMB na tafe, gida ana jiran likita ko lauya. Sai ku shiga sata daga barcinku, ana cin goro ana shan kofi, ana karatu da tocila cikin bargo har ƙarfe uku. Mai shekarunku yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da aka karanta da rana. Wanda ya hana kansa barci yana zuba ruwa ne a kwando. Mafi muni shi ne ƙwaya. Wani zai miƙo maka tiramadol ya ce tana ƙara ƙarfin karatu ko tana kore damuwa. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma a 2018 ɗin ne gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Da yawan waɗanda na sani da suka faɗa ciki ba 'yan iska ba ne tun farko, yara ne masu ciwo a zuciya da ba su sami wanda za su gaya wa ba. Ƙwaya na rufe ciwon na awa biyu, ta bar ka da ciwo biyu. Kuma ku ji wannan daga bakin uba: mahaifiyarka ta fi son ka dawo gida da sakamako mara kyau da ranka, a kan a kawo mata akwatinka. Jarrabawa ana sake ta.

To me za ka yi in abokinka ne? Labarin zuciya a tambayi fuska. Ka jira lokacin da ba mutane, wurin wanki ko hanyar ɗebo ruwa, ka faɗi abin da ka gani: “Na ga kwana biyu ba ka cin abinci, ba ka zuwa ƙwallo. Me ke faruwa?” Zai ce ba komai. Kada ka tafi. Ka ce, “Ban yarda ba, amma ina nan.” Gobe ka sake. In ya buɗe baki, kai rufe naka. Kada ka ce wasu sun fi shi shiga wahala, kada ka yi masa wa'azi, kada kuma labarin ya zama abin hira a ɗakin cin abinci. In ka ji yana cewa gara ya huta, ko da ba shi a duniya da kowa ya sarara, ko ya soma rabon kayansa, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada ka bar shi shi kaɗai, kuma kada ka jira gari ya waye. Ko ya sa ka rantse ba za ka faɗa ba, ka faɗa. Amanar rai ta fi amanar sirri. Ka je wurin matiron, ko malamin ɗaki, ko Sista, ko malamin ba da shawara, ko nas. In na farko ya yi irin kuskuren da na yi a baranda ya kore ka, ka tafi wurin na biyu. Ba aikinka ba ne ka warkar da shi, kai ma yaro ne. Aikinka ka kai shi hannun manya, sannan ka ci gaba da zama abokinsa.

Kada ku raina wannan zaman. A ƙasar Beljiyam akwai gari mai suna Geel, inda kabarin Waliyyiya Dimfina yake, wadda Katolika ke ɗauka a matsayin mai roƙo domin masu ciwon ƙwaƙwalwa. Ɗaruruwan shekaru da suka wuce masu ciwo suka riƙa zuwa can neman waraka, har masaukin coci ya cika, sai mutanen gari suka soma ɗaukar su zuwa gidajensu, suna ci tare, suna aikin gona tare. A shekarun 1930 irin waɗannan baƙi sun haura 3,000, kuma al'adar na nan har yau. A nan gida ma, a 1954, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara irin wannan a Aro kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle marasa lafiya, sai ya sauke su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa ɗaya, suna zuwa asibiti da rana. Duniya ta zo ta koya daga gare shi. Likita na ba da magani, amma cikin mutane ake warkewa. Ɗakin kwananku zai iya zama haka ga wanda ya dawo daga jinya: a ajiye masa wurinsa a teburi, a kira shi ƙwallo, kada a canja masa suna.

Taimako kuma akwai shi, ko da yake likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutum fiye da miliyan 200. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, akwai kuma sassan wannan fanni a asibitocin koyarwa na Jos da Shika da Malam Aminu Kano. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ke kallon mai ciwo kamar abin kullewa, ta kuma tanadi haƙƙinsa da mutuncinsa. Zuwa waɗannan wurare bai bambanta da zuwa asibitin ido ba.

Shugabannin makarantu da za su leƙa wannan rubutu ta kafaɗar 'ya'yansu, ku yi mini uzuri in ce kalma ɗaya. Ofishin ba da shawara da aka damƙa wa malamin da ke riƙe da bulala ba wanda zai shiga. Ku ware mutum mai riƙe amana, ku horar da matiron da malaman ɗaki, ku bar yaro ya kira gida in ransa ya ƙuntata, kuma kada mafitarku ta farko ta zama sallamar yaro don kare sunan makaranta.

Kai kuma da kake karanta wannan kana jin da kai nake, ke da kika daɗe kina kuka cikin filo don kada a ji ki, ban san sunanku ba, amma na san irin daren da kuke kwana. Ciwon yana gaya muku ba za a fahimce ku ba, kuma ba zai wuce ba. Na ga waɗanda ya gaya wa haka, na kuma halarci bikin aurensu. Ku zaɓi babba ɗaya da kuka yarda da shi, ku same shi gobe kafin a shiga aji. In baki ya yi nauyi, ku rubuta a takarda ku miƙa masa. Sauranku kuma, yau bayan addu'ar dare, kafin a kashe fitila, kowa ya dubi mai gadon da ke kusa da nasa ya tambaye shi lafiyarsa, in ya ce ba komai, a sake tambaya.